Muryar Baba Tana Son Lamba Huɗu

A layinmu na masu gyaran waya Ƙwaro ake ce mini, kuma ba don ina cizo ba. Kawo mini wayar da ta faɗa ruwa, ko wadda mota ta taka, ko wadda budurwarka ta maka da bango, ka je ka sha shayi ka dawo. Shagona a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, in na yi miƙa sai na taɓo bango biyu. A ƙasan tebur akwai kwali cike da gawa. Matattun wayoyi muke kira gawa. Abin da ya lalace a jikin mai rai, sai ka ciro irinsa daga gawa ka dasa. In bai shiga ba ka ɗan fere gefe, ka matsa, ya shiga. Sana'ar ke nan gaba ɗayanta. Sauran surutu ne, shi ma kuma ina da shi buhu-buhu.

Babana ba ya magana. An yi masa aiki a maƙogwaro, aka fitar da ciwon, muryar ta bi shi. Amma kafin aikin wasu ɗalibai suka zaunar da shi a asibitin, ya yi ta karanta musu jimloli har bakinsa ya bushe. Suka haɗa wata manhaja da muryar, suka zuba masa a tsohuwar laftop. Ya rubuta, ya danna, laftop ta faɗa. Muryarsa ce sak, har da ɗan kaushin nan da yake yi in zai yi faɗa. Da ita yake kiran Umma ta kawo masa ruwan zafi, da ita yake zagina in na dawo gida da takalmi a kan kafet.

Yayata ce ta tsara laftop ɗin. Ita aikinta kula da manyan kwamfutoci ne a wani kamfani, a wani gari mai nisa. Ranar da za ta koma ta kama kunnena.

"Ƙwaro, ka ga wannan? Ba waya ba ce. Na ɗaure ta, ba ta sabunta komai. Kada ka kwance."

Na ce, "Yaya, ni da kwamfutar tsofaffi? Ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da kuɗin mota."

To sai Yaya ta haihu. Namiji, jikan Baba na farko. Baba ya matsu ya ga yaron a bidiyo, a babban gilashi, don idonsa ba ya ɗaukar na waya. Muka buɗe shafin kira, shafin ya ce burauzarmu, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta tsufa. Muka sake, ya sake faɗa. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta, ya danna.

"Kai da kake cika baki."

Da muryarsa fa. A gaban Umma. Ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙofa.

Na ce, "Baba, kafin shayinka ya huce."

Na saɓa laftop na nufi shago. Ban kira Yaya ba. Mai jego ce, kuma na san abin da za ta ce.

Maƙwabcin shagona Dogo ne, yana sayar da caja da igiyoyi, yana kuma taɓa kwamfuta in mai ita ba ya kallo. Ya leƙo.

"Ƙwaro, yau kuma kakar wa ka ɗauko?"

"Matsa, kana tare mini iska. Tiyata zan yi."

Ɗaurin Yaya layi ɗaya ne kacal, na samo yadda ake kwance shi a intanet. Na kwance. Na ce wa na'urar ta sabunta kanta daga sama har ƙasa. Baƙin allo ya buɗe, rubutu ya dinga gudu, ni kuwa na ɗora ƙafa a kan kwalin gawa ina tsokanar mai sayar da katin waya. Can sai gudun ya tsaya. Ja ya bayyana.

Abin da na gane daga baya shi ne wannan. A cikin kwamfuta akwai abin da suke kira laburare. Ba na littattafai ba. Kamar akwatin kayan aiki ne da ke tsakiyar layi, kowace manhaja ta zo ta ari sukudireba ta mayar. Kuma akwatin yana da lamba. Sabon tsarin da na jawo ya zo da mai lamba shida, ya ture na da. Muryar Baba kuwa ta ce ita lamba huɗu ta sani, da shi aka haife ta, ba ta aron komai a wajen baƙo. Sabon tsari ya ce sai shida. Murya ta ce sai huɗu. Sabuntawa ta tsaya a tsakiya, rabin na'urar sabo, rabi tsoho, kowa ya juya wa kowa baya.

Na danna muryar. Shiru.

Dogo ya ce, "Kira Yayarka."

"In kira ta in ce me? Kai, wannan ai matsalar kayan gyara ce. Kana da gawa?"

Yana da ita. Wata laftop da gilashinta ya fashe, tsararta ɗaya da ta Baba. Muka ciro faifanta, na laluba, sai ga laburare mai lamba huɗu yana kwance lafiya lau. Na yi tsalle har na bugi matakala da kai. Na kwafo shi, na kawo kan na Baba. Na'urar ta ce akwai wani a wurin. Na ce na sani. Ta ce ba ni da izini. Na ba kaina izini. Ta ce ka tabbata? Na fere gefe, na matsa, ya shiga.

Daga nan komai ya mutu.

Ba irin mutuwar waya ba, da allo zai yi baƙi ka san inda ka dosa. Allon yana kunne. Na rubuta a nuna mini fayiloli, ta ce ba ta samu lamba shida ba. Na rubuta a mayar da abin da na cire, ta ce ba ta samu lamba shida ba. Na ce to ki kashe kanki. Wallahi ko kashe kanta ba ta iya ba, shi ma sai da lamba shida. Ashe duk sabbin da suka riga suka shiga a kan akwatin nan suke tsaye, ni kuma na zare shi daga ƙarƙashinsu.

Wata mata ta kawo waya, na ce mata mun tashi. Ta dubi rana a tsakiyar sama, ta dube ni, ta wuce.

Dogo ya daina dariya. Ya kawo filashi mai ɗauke da wani tsarin, muka tayar da na'urar daga cikinsa, muka mayar da lamba shida mazauninsa. Ta farfaɗo, tana ɗingishi. Na samo wani umarni da wani bawan Allah ya rubuta a intanet, wai yana sasanta duk kayan da suka karye. Mutane da yawa sun yi masa godiya a ƙasa. Na liƙa. Dogon rubutu ya zubo, a ƙarshensa tambaya: a ci gaba? Duk wanda ya taɓa karanta irin wannan rubutun har ƙarshe ya ɗaga hannu. Na danna eh.

Ta sasanta kuwa. Na'ura ta tashi fes, sabon fenti, sabuwar burauza, har da ɗan kiɗa. Dogo ya buga mini kafaɗa. Na duba kusurwar da hoton muryar yake zama, ɗan bakin nan mai ruwan ɗorawa.

Babu shi.

Na duba ko'ina. Na sauke manhajar dawo da abin da aka goge, ba ta samo ba. Na sauke wata, na sauke wata babba. Sannan na kira Yaya.

Ta ɗauka, jariri yana tsala kuka a kusa da ita.

"Ƙwaro na Umma! Ka kira ka gaishe da ɗanka?"

"Yaya, in tambaye ki wani abu. Misali ne fa."

Ta ce, "Ka kwance."

Na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta sa na buɗe inda na'urar take ajiye tarihin abin da ta aikata, na karanta mata layi-layi. Da na zo wani layi ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ka san yadda ta sasanta su? Biyu suna faɗa, ta kori ɗaya. Ta tambaye ka, ka ce eh."

"To a dawo da ita mana. Ba kina da kwafi ba? Ke da kike kwafin har hoton katin asibiti?"

"Ina da kwafin muryar. A kulle. Yaran nan sun sa mata makulli don kada wani ya sata ya yi damfara da muryar mutum. Makullin a cikin na'urar kaɗai yake zama, ba ya kwafuwa. In an cire manhajar, da shi take tafiya." Sannan ta tambaya, "Bayan ta goge, ka sauke wani abu a kai?"

Na dubi manhajojin da na jera.

"Kaɗan."

"Ƙwaro."

"Da yawa."

"To ka yi gini a kan wurin."

Na ce ɗaliban fa? Ta ce sun gama sun watse, shafinsu ma ya rufe tun bara, wanda ta sani a cikinsu ya ce ba sa riƙe makullin kowa, da gangan suka yi haka. Na ce a sake haɗa wata, yanzu ai ana yi da ɗan guntun sauti. Ta ce in kawo guntun. Na tsaya ina tunani. Baba bai taɓa aika saƙon murya ba, ya ce wannan aikin malalata ne. Bidiyo ɗaya muke da shi, yana gyara fanka, ni ne nake ta zuba a ciki daga farko har ƙarshe. Shi tari kawai ya yi.

Na ce, "Yaya, ki ce wani abu mana. Ki zage ni."

Ta ce, "Yaron yana jin yunwa," ta kashe.

Da la'asar na shiga gida. Baba yana kan kujerarsa ta bakin taga, ya sa riga mai guga, ya taje gemu, saboda jika. Umma ta goge teburin ta kawar da magunguna don kada su fito a hoto. Na ajiye laftop. Na yi bayani. Na faɗi huɗu, na faɗi shida, na faɗi akwatin kayan aiki. Bakina da ba ya gajiya ya dinga sarƙewa. Umma ta ce ita ba ta gane lissafin ba, yaushe muryar za ta dawo? Baba ya gane tun kafin in kai rabi.

Sabon tsarin yana da tasa muryar, kyauta. Na kunna masa, don kada a ce babu komai. Ya jawo laftop, ya rubuta gajeren abu, ya danna.

Wata mace ce ta yi magana. Baƙuwa, mai sanyin murya irin ta masu sanarwa a filin jirgi. Ta tauna kalmomin ta tofar, ba hawa ba sauka. Sai da na leƙa allon na ga abin da ya rubuta: ba komai, ɗana. Ita kuwa "dana" ta ce.

Na ce, "Baba, ka ga ka koma budurwa."

Ba wanda ya yi dariya. Umma ta ce, "Kashe ta. Kada in sake jin matar nan a ɗakina."

Sai kira ya shigo. Yaya ce. Hoton ya fito tar, ba yankewa, har gashin kan jaririn ana iya gani. Idonta ya kumbura, amma ta yi murmushi, ta ɗago yaron kusa da gilashi.

"Ga kakanka. Baba, ga shi. Ka ce masa wani abu mana."

Ta faɗa ne kafin ta tuna. Na ga lokacin da ta tuna.

Baba ya sunkuya a kan madannai. Ya yi ta rubutu da yatsa biyu, layi ya cika, ya shiga na biyu, ya shiga na uku. Ban taɓa ganin ya rubuta abu mai tsawon haka ba. Na kawar da kai don ba nawa ba ne. Da ya gama, yatsansa ya tsaya a saman maɓallin da ake dannawa. Ya daɗe a wurin. Yaron ya yi hamma.

Sai ya matsar da yatsan zuwa maɓallin gogewa, ya danne. Haruffan suka dinga komawa baya har allon ya zama fari. Ya ɗaga hannu yana yi wa yaron alama, yaron kuwa barci ya riga ya ɗauke shi.