Yaran Bayan Layin Dogo

Wata shida Anti Allura ta yi tana ɗibar jinin yara a wani ɗan ɗaki da ke bayan asibitin unguwa. Yaran ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida. Binciken na ƙyanda ne, ana son a gano ko rigakafin da aka yi musu tun suna goye yana nan da ƙarfinsa a jini.

Ranar da Babban Likita ya tara ma'aikata, bakinsa har kunne. Ya ce cikin kowane yara goma da aka gwada, tara suna da kariya, saboda haka unguwar ba ta buƙatar sabon zagayen allura. Aka tafa. Sai aka zagayo da takarda kowa ya sa hannu, cewa yaran da aka gwada sun wakilci unguwar baki ɗaya. Da ta iso gaban Anti Allura, sai ta ajiye biro.

Ta san yaran nan ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan malamai ne da ma'aikatan ofis, waɗanda iyayensu ke adana katin rigakafi a leda kamar takardar gida. Daga ƙarfe tara zuwa sha biyu ake ɗibar jinin, ranakun aiki kawai. A wannan lokacin, ƙanwarta tana kan keke a kamfanin ɗinki, 'ya'yan ƙanwar uku suna hannun kakarsu mai ciwon gwiwa, can bayan layin dogo. Daga wannan ɓangaren ko yaro ɗaya bai zo ba.

Ta faɗi haka a gaban kowa. Likita ya ce ai an manna sanarwa, wanda bai zo ba shi ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, a ƙofar asibiti aka manna ta," in ji ta. "Mun gwada waɗanda ba sa fashin allura, mun gano an yi musu allura. Wannan ko mai gadi ya sani."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Likita ya tuna mata cewa ɗibar jini aka ɗauke ta yi, ba lissafi ba, kuma rahoto zai tafi ko da hannunta ko babu. Ta ce to, ita ma tata takardar za ta tafi.

Washegari ta rubuta wa kwamitin da ya ba da izinin binciken, da sunanta a ƙasa ɓaro-ɓaro. Aka mayar da ita sito tana jera kwalabe. Abokan aiki suka daina zama kusa da ita. Mijinta ya ce ta je ta ba da haƙuri, ta ce sai ya fara gaya mata laifin.

Bayan mako uku kwamiti ya ce a ƙara gwaji, ranar Asabar, a makarantar da ke bayan layin dogo. Ita ta bi gida-gida tana lallashin iyaye. Wasu suka rufe mata ƙofa, amma yara ɗari da arba'in suka zo. Biyar cikin goma ne kawai ke da kariya.

Aka gyara rahoton, aka tura masu allura can. Likita ne ya karanta sabon sakamakon a taro, bai ambace ta ba. Har yau ba ya amsa gaisuwarta. Ita kuwa kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar ofishinsa ta gaishe shi da ƙarfi, har da tambayar iyali.