Gefen da Ba Wanda Ya Gyara

Tun da aka fara wasannin sofbol na bana, wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda a ruga, 'yata Maren ta daina bugun ƙwallo. Ba ciwo ta ji ba. Sai ta ɗauki sandarta ta tsaya gaban mai jifa, ƙwallo ta zo ta wuce, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam kamar turke. Ni na san waɗanda suka kashe mata hannu: mijina Curtis da mahaifina Arlo.

Curtis ɗan zamani ne. Bidiyonta yake ɗauka a waya, ya ce ƙugu ne zai fara juyawa, sanda ta kwaso ƙwallo daga ƙasa zuwa sama. Baba kuwa, da ya buga wa ƙungiyar garinmu a nan Nebraska da ƙuruciyarsa, ya ce a ɗaga gwiwar hannu a saro ƙwallo ƙasa kamar ana faskare. Ko abinci ake ci, da cokali suke gwadawa.

"Curtis, wannan bugun naka ai na harbin tsuntsu ne," in ji Baba.

"Baba, naku kuma tare da talabijin mai baƙi da fari aka binne shi."

Su yi dariya, yarinya ta ture kwanonta ta tashi.

Ran Asabar wata koci ta zo daga kwaleji, kwalejin da ita kaɗai ta taɓa tambayar Maren. In ba ta ga komai ba yau, ba za ta dawo ba, wasan yarinyar kuma ya ƙare daga sakandare. Sau biyu Maren ta shiga, sau biyu aka fitar da ita ba ta ko motsa sanda ba. Na ga kocin ta fara naɗe kujerarta.

Da Maren ta shiga na ƙarshe, Curtis ya manne da shingen filin ta hagu, Baba ta dama.

"Ƙugu, Maren, ƙugu tukuna."

"Ɗaga gwiwar nan, ke dai saro ta."

Jifa biyu masu kyau suka wuce. Saura ɗaya a fitar da ita. Na ji kamar in kwance takalmina in jefi ɗayansu, ban dai san wanda zan fara da shi ba.

Sai Maren ta ɗaga wa alƙalin wasa hannu ya dakata. Ta zagaya ta bayansa, ta koma ɗaya gefen, ta riƙe sanda irin ta bahaguwa. Rabona da ganin haka tun tana ƙarama, tana bugun ruɓaɓɓen tuffa da sandar tsintsiya a bayan rumbun masara, lokacin ba wanda ya san tana da abin gyarawa. Mutanen nan biyu kuwa ba su tanadi komai game da wannan gefen ba.

Bugun bai yi kyau ba, gaskiya. Amma ta buga. Ƙwallo ta tsallake kan mai tsaro ta faɗi a ciyawa, Maren ta isa zangon farko da mai bugu ke rugawa, ba a fitar da ita ba. Kocin ta sake buɗe kujerarta. Bayan wasa ta ce Maren ta zo gwaji a kwalejin idan an koma makaranta, kuma da hagun take so ta gan ta.

A mota ni ke tuƙi. Na tambayi Maren me ya sa ta sauya.

"Can ne kawai ba na jin muryar kowa, Mama."

Ba mu yi nisa ba Baba ya gyara murya. "Bugu ya yi, jikalle. Sai dai ƙafar nan taki ta gaba…"

"Ba ƙafar ba ce, Baba," in ji Curtis. Ashe har ya ɗauki bidiyon, yana ta maimaita shi. "Dubi kafaɗar nan tata."

Ta madubi na ga Maren ta cusa hannunta na hagu ƙarƙashin cinyarta. A hankali ta ce, "Mama, hannu biyu ne fa kawai gare ni."

Na taka birki a bakin gonar masara, na ce Baba da Curtis su sauka. Suka ɗauka wasa nake, har sai da suka ga fuskata.

Da na ja mota na hango su a madubi, tsaye cikin rana, kowa yana wurga wa ɗan'uwansa hannu yana nuna yadda bahago ke bugu. Hankalina bai kwanta ba. Gida ba nisa, kafin a sa abinci za su iso su ɗora daga inda suka tsaya.