Ɗari Biyu da Casa'in

Ɗari biyu da casa'in mitar auna wuta ta nuna. Na ƙifta ido na sake dubawa, lambar tana nan daram.

Ranar kare aikinmu na ƙarshe ce a sashen injiniyan lantarki. Nawa aikin inbata ce, mai karɓar wutar batir ta mayar da ita irin wadda ake amfani da ita a gida. Bolt ɗari biyu da talatin ya kamata ta bayar. Wanda aikinsa ya faɗi a ranar sai ya maimaita shekara, ni kuwa shekara biyar ɗin da na yi sun ishe ni har wuya.

Farfesan da aka gayyato daga wata jami'a ya zare tabarau. Tun safe ya kayar da mutum uku, ko gumi bai yi ba.

"Yarinya, wannan in aka kai gidan mutane ai sai firji da talabijin su tafi lahira tare."

'Yan ajinmu da ke leƙe ta taga suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dokta, mai duba aikina, ya yi wuf ya ce wataƙila lissafin taransifoma ne ya kuskure. Wani malamin ya ce a'a, matsalar tana wajen daidaita wuta. Nan suka juya wa na'urar baya suka nufi allo, kowa da allinsa. Haka masana suke, in abu ya lalace sun fi son ya lalace ta hanya mai wuya.

Tsoro ya kama ni sosai. Amma haushi ya fi tsoron yawa, domin taransifomar nan da hannuna na naɗa ta a shagon Baba, inda yake gyaran injin fanka da na famfo. Sau uku na ƙirga zagayen wayar, yana zaune a gefe yana bina da baki. Da safen ma na gwada ta da ƙaramar mitar shagon, ta ba ni daidai. Sai dai dokar sashe ta ce da mitar ɗakin gwaji kaɗai ake aunawa, wata ƙatuwa mai jakar fata da ake ajiyewa a kabad ana kullewa.

Baba kuwa bai taɓa yarda da mita haka kawai ba. Kafin ya auna kayan kowa, sai ya fara tsoma ta a soket ɗin da ya san ƙarfinsa. Abin yana ba ni kunya ina ƙarama, ina ganin ƙauyanci ne.

"Ranka ya daɗe," na ce. "A ba ni izini in gwada mitar."

Farfesa ya juyo da alli a hannu. "Ki gwada me?"

"Mitar, ranka ya daɗe."

Malam mai kula da kayan ɗakin ya haɗe rai kamar 'yarsa na zaga. "Wannan mitar ta girme ki a sashen nan."

"Shi ya sa, Malam."

Dokta ya harare ni, irin hararar da ke cewa ki rufa mana asiri. Farfesa dai ya ɗaga kafaɗa. Na zare wayoyin mitar biyu daga inbata, na taka zuwa bango, na tsoma su a soket.

Ɗari biyu da casa'in da ɗaya.

Na ce, "Ga abin da ta ce bango yana bayarwa. Ga fanka tana juyawa lafiya, ƙwan fitila huɗu suna ci, babu wanda ya fashe."

Duk suka ɗaga kai sama, farfesa da dokta da kowa, suna kallon fanka kamar yau aka ƙirƙiro ta. Na juya mitar na nuna musu ɗan hoton batir da ke ƙiftawa a kusurwa. Irin wannan mita, in batirinta ya yi sanyi, ƙari take yi wa lamba. Tun safe take zuba ƙarya da jakar fatarta.

Malam ya kawo sabon batir yana ƙunƙuni. Farfesa da kansa ya riƙe wayoyin. Bango ya ba da ɗari biyu da talatin da biyu. Inbata ta ba da ɗari biyu da talatin cif. Ya jona wa inbatar dutsen guga da ƙwan fitila uku, lambar ta ɗan girgiza ta koma mazauninta.

Ihun da aka yi a taga sai da ya fito da mutanen ofishin kusa.

Farfesa ya daɗe yana duba takardar da ke gabansa. Sannan ya ce wa Dokta a kira masa ukun nan da ya kayar da safe, su dawo da kayansu a sake aunawa. Ta taga na hango ɗaya daga cikinsu, wanda tun ɗazu yake zaune a kan matakala da kai cikin gwiwa, ya miƙe tsaye.

Ni ina nan riƙe da gefen tebur, ban san hawaye na zuba ba. Farfesa ya sa hannu a takardata, ya mayar da murfin biro.

"Injiniya," ya ce, "kashe na'urarki, ki ba na gaba wuri."