Rigar Audugar Hamma Bakari

Wasiƙar ta zo ne lokacin cirar auduga, a shekarar da aka yanke mana jihar Bauchi. Ni ke karanta wa Inno wasiƙun Hamma Bakari, don ni kaɗai ce na taɓa zaman aji cikin matan gidanmu na unguwar Shamaki a Gombe, ko da yake a aji huɗu na tsaya. Yayana ne, gwamnati ta tura shi Ingila koyon aikin masaƙa. Da manyan baƙaƙe yake rubuto mana saboda ni.

A tsakiyar shafi na biyu ya ce sanyi ya kama masa ƙirji, ya kwana tara a asibiti, kuma kwat ɗin da ya saya iska na ratsa ta kamar tsohuwar zana. Na ɗaga kai na ga Inno tana tsintar shinkafa tana murmushi. Sai na tsallake layi huɗu, na faɗa kan gaisuwar maƙwabta.

Tun daga ranar maganar ta zauna mini a ƙirji. Na bi mata kalar auduga a gonar Baffa Shu'aibu, ƙanin marigayi mahaifinmu, can bayan Gabukka. Na gurje ta, na cire angurya, na shiɓe ta har ta yi laushi. Sau uku ina zuwa Herwagana wurin Mama Edna, wadda ke koya mini ɗinki, kafin bakina ya iya faɗin abin da nake so. Ba ta yi mini dariya ba. Ta auna wata tsohuwar rigar Hamma, ta yanka yadin kaki ninki biyu, ta ce in shimfiɗa audugar a tsakani. Allurar kekenta ta karye a layin farko, don haka da hannu na bi ta, layi bayan layi, wata biyar. Ban taɓa ganin sanyin Ingila ba, saboda haka duk inda na yi shakka sai in ƙara auduga. Na yi mata manyan aljihu huɗu, na naɗe ta a tsohon zane, na tura ƙarƙashin gado.

Hamma ya zo hutu da damina, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kullum zaurenmu cike yake da masu zuwa gaishe shi. Ya ba su labarin jirgi: yadda yake tashi daga Kano ya yi awa shida bai sauka ba, ya ƙetare hamada da teku, yadda kunne ke toshewa, yadda ake kawo abinci a ɗan faranti wanda ko kyanwa ba za ta ƙoshi da shi ba. Iya Kande mai daddawa ta tambaye shi daga bayan ƙyaure ina mai cin goro ke tofar da yawu idan taga ba ta buɗuwa. Ya ce ai shi ya sa Turawa ba sa cin goro. Ni dai ruwa nake kaiwa in fito. Wata biyu muna gida ɗaya, rigar tana ƙarƙashin gado, na kasa ba shi.

Da komawarsa ta matso, guzuri ya fara shigowa. A unguwarmu ba a barin matafiyi ya tafi hannu rabbana, kuma mayar wa mutum abin da ya kawo zagi ne. Kilishi, dambun nama, kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, gyaɗa, zuma, daddawar Iya Kande, man shanun Inno a gwangwani. Na lallaɓa na sa ƙunshina a cikin tarin, ban gaya wa kowa ba.

Hamma ya ce jirgi kilo ashirin kawai yake ɗaukar wa mutum, kuma littattafansa da tufafinsa sun riga sun cinye sha biyu. Inno ta ce abin da ke ɗaukar mutum ɗari ba zai gaza da gwangwanin mai ba. Ba ta faɗa masa kai tsaye ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Bango ta gaya wa.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Baffa Shu'aibu ya zo da sikelinsa na kasuwar auduga, ya rataye shi a reshen darbejiyar tsakar gida. Shekara ashirin yana awo, kuma yana alfahari cewa sikelinsa bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Guzurin ya tashi kilo talatin da ɗaya. Baffa ya yanke hukunci: za a ɗiba kaɗan daga na kowa, don kada a ce an bar na wani. Mata suka tsaya a bakin ɗakin girki kowa na lura da nata.

Da ya zo kan ƙunshina ya tambayi mai shi. Ba wanda ya amsa. Ya kwance, ya ɗaga rigar, ta tsaya da kanta kamar da mutum a ciki.

"Wannan kuma akumarin wane jaki ne?" in ji Baffa.

Aka yi dariya har Iya Kande ta riƙe ciki. Ya rataya ta a sikeli, kilo uku da rabi. Ya ce abu ne da ba a iya ɗiba, kuma marar uban gida, sai ya ajiye ta gefe tare da ragowar da za a bari.

Ban taɓa magana a gaban Baffa ba in ban da gaisuwa. Na fito daga bayan turmi, na durƙusa, idona a ƙasa.

"Baffa, shi mutum ana ɗora shi a sikelin?"

Baffa ya dubi Hamma. Hamma ya ce a'a, kaya kawai ake aunawa.

"To, a jikinsa za ta tafi."

Hamma ya ɗauki rigar, ya juya cikinta, ya bi layin ɗinkin da babban yatsa kamar yadda na ga masu sayen yadi suna yi. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira sunana, Jamilatu, ya tambaya ko saboda kwana taran nan ne.

"Wane kwana tara?" in ji Inno, kuma wannan karon ba bango ta tambaya ba.

Ashe shi duk zatonsa ta sani, alkunya ce ta hana ta tayar da zancen. Ya faɗa mata a taƙaice. Na jira faɗa, bai zo ba. Inno ta dube ni har na ji kamar in nutse, sannan ta taso ta karɓi rigar ta jijjiga nauyinta. Ta zura hannu a aljihu har gwiwar hannu. Ta juya ga Baffa ta tambaya ko aljihu ma ba a auna shi. Kafin ya amsa, Iya Kande ta riga ta kwaso ragowar daddawarta.

Washegari rana ta fito da ƙarfi bayan ruwan asuba. A tashar motar Kano Hamma ya sa rigar a kan kaftaninsa, aljihu huɗu cike. Direba ya ce ko malam ba shi da lafiya ne. Mama Edna, da ta zo rakiya, ta ce ya cire mana sai ya isa filin jirgi, kada ya narke kafin Darazo. Ya ce zai cire a hanya, amma daga Gombe a cikinta zai fita. Gumi na bin gemunsa, yana gaya wa duk wanda ya kalle shi cewa ƙanwarsa ce ta ɗinka, audugar kuma ta Gabukka ce. Hannun rigar na hagu ya fi na dama tsawo kaɗan. Ni kaɗai na lura, ko kuma ni da Mama Edna.

Wasiƙa ta zo bayan sati bakwai, da hoto a ciki. Yana tsaye a gaban wani dogon gini na jan bulo, bishiyoyin bayansa ba ganye ko ɗaya, shi kuwa ya cika hoton kamar buhun gero. Inno ta riƙe hoton nesa da fuskarta, ta matso da shi, sannan ta sa a ƙarƙashin faifai kamar ba ta damu ba.

Na buɗe takardar. Inno ta ajiye tsintar da take yi, ta gyara zama.

"Karanta duka," ta ce. "Har inda babu daɗi."

Na karanta duka. Ya ce jirgin ya yi jinkirin awa uku a Kano, ya ce mutumin da ya zauna kusa da shi ya yi ta shaƙar hanci saboda daddawa har suka sauka. Ya ce wani malaminsu ya ari rigar ya nuna wa 'yan aji ɗinkin. Sanyi ya fara, in ji shi, amma bana ko tari bai yi ba. Wannan layin Inno ta sa na maimaita.