Igiyar Ragon Rakiyya

"Haka Allah ya so, Yaya," in ji Muntaka karo na uku, yana miƙo mata guntuwar igiya.

Rakiyya ta ji kamar ta shaƙe ƙanen nata da ita. Wata takwas ragonta yana turke, dusa da harawa ba fashi, don a kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis a sayar, ta je Gumel a cire mata yanar da ta rufe idonta na hagu. Da safe sai da ta shafa igiyar ta ce masa ta ruɓe, ga sabuwa can a rataye. Ya ce sauri yake. Ai kuwa ko nisa bai yi da garinsu Ɗanzomo ba igiya ta tsinke, rago ya faɗo daga kan babur, ya mace kafin a samo wuƙa. Mushe!

Maƙwabta suka cika gida, kowa sai "ƙaddara ce, kada ki yi saɓo." Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ni fa ba da Allah nake rigima ba!" ta ce. Ta yafa mayafi, ta tasa Muntaka gaba har zauren baffansu, Malam Siddiq.

Malam ya murza igiyar a hannu, ta zube kamar gari.

"Wa ya ɗaure ragon da wannan?"

"Ni ne, Baffa, amma komai da ikon Allah..."

"Wa ya musa? Sai dai wannan magana ba taka ba ce yau. Ta wanda aka yi wa ɓarna ce, ya sanyaya zuciyarsa da ita. Kai taka ita ce 'na yi ganganci.' Ka kashe mata rago, kuma ka ƙwace mata abin da za ta yi haƙuri da shi?"

Muntaka ya daɗe yana zane a ƙasa da makullin babur. Can ya ajiye shi gaban yayarsa.

"Kin faɗa mini, na ƙi ji. Ni na yi, Yaya. Alhamis mai zuwa babur ɗin zan sayar, a yi miki aikin ido."

Rakiyya ta dube shi da idon da ya rage mata. Da babur ɗin nan yake ci da iyalinsa. Ta tura masa makullin da ƙafa, ta sauke numfashin da ta riƙe tun hantsi.

"Tashi, sakarai," ta ce. "Haka Allah ya so."