Ranar da Aka Gyara Adadin Farfesa

Farfesa ya daɗe da yin ritaya, amma adadin da ya auna tun yana saurayi shi ake amfani da shi har yanzu. Aikinsa a kan wani ɗan barbashi ne, ƙanƙanin da ido ba ya gani, da ake kira lamda, wanda ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa yake tarwatsewa. Hanya biyu ya saba bi, sai jifa-jifa ya ɓalle ta wata ta uku. Sau nawa yake bin ta ukun? Abin da shi da abokinsa Dogo suka kwashe shekaru suna ƙirgawa ke nan, a sunkuye kan hotunan sawun barbashi, har idanunsu suka yi rauni.

Da hantsi 'yarsa ta kunna masa kwamfuta a teburin cin abinci, ta shigar da shi taron intanet da za a bayyana sabon awo, ta wuce wurin aiki.

Wata matashiyar masaniya ce ta yi bayani. Injinsu ya kama a ɗan lokaci abin da su Farfesa ba su tara ba duk tsawon aikinsu. Ta nuna tsohon adadin a gefe, nata kuma ƙasa da shi kaɗan. Ta ambaci sunansa da girmamawa, ta wuce gaba.

Bai ji haushi ba. Tambaya ce ma ta taso masa: yaya suka yi da barbashin da ke tarwatsewa a bakin na'ura, wanda ya sha ba su wahala? Ya gyara murya, ya yi tambayar dalla-dalla. Ba wanda ya tanka. Sai da fuskoki suka fara ɓacewa ya lura makirufonsa a kashe yake.

Ya kira gidan Dogo. Matarsa ta ɗauka, ta ce jikin da sauƙi, sai dai bai cika gane mutane ba. Ta kara masa wayar a kunne.

"Dogo, yau an gyara mu," in ji Farfesa. "Mun ɗan yi sama, amma ba mu yi nisa ba."

Numfashi kawai yake ji. Can Dogo ya tambaya ko likita ne.

"Ni ne, mutumina."

Ya ci gaba da ba shi labarin sabon injin, yana yi yana dariya shi kaɗai, har matar ta karɓi wayar, ta ba shi haƙuri, ta ce lokacin shan magani ya yi.