Sai Sabon Farashi Ya Zo

Mai niƙa ba ta manta makon da gada ta karye ba. Tankokin mai suka koma zagayawa ta doguwar hanya, kuma tun kafin ko ɗaya ta iso, mai gidan mai ya garƙame famfon dizal da kwaɗo. Kwana uku tana jele da jarka, injinta a kashe, alhali kowa ya san rijiyarsa cike take da man da ya saya da araha.

"Yi haƙuri, Inna," ya ce mata yana sakace. "Sai sabon farashi ya zo."

Farashin ya zo, ya kusa ninka na da. Aka gyara gada, bai sauko ba. Ta bar abin a cikinta.

Bayan wata bakwai ya tashi aurar da 'yarsa. Ana jibi biki ya zo da kansa, da buhu shida na hatsi a bayan mota, domin duk garin injinta kaɗai ke niƙa. Ya tarar da ita zaune a kan benci, ƙofa da kwaɗo, ga jarka biyu cike da mai a gefenta.

"Inna, lafiya? Baƙi na hanya. Injin ne ya lalace?"

"Ras yake."

"To ko nawa ne zan biya."

Ta karyi tsinken tsintsiya, ta sa a haƙori, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yi haƙuri, ɗana. Sai sabon farashi ya zo."